Majanyai Shida na Gwaggo

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, da mai sauri da mai jan ƙafa. Gwaggo ta riga mu.

Saƙon ya same ni a Parakou da hantsi, ina tankaɗe. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ne ya kawo shi, ƙaton mutum wanda in ya tsaya a ƙofar zaure sai haske ya ɗauke. Ya yi sallama, ya buɗe baki zai yi magana, sai kawai ya durƙusa ya fashe da kuka kamar yaron da aka ƙwace wa ƙosai. Ban tambaye shi komai ba. Duk Djougou, garinmu, mutum ɗaya ce za ta sa wannan ƙato irin wannan kuka.

Shi ya ɗauke ni a gaban motarsa. Ko da muka isa an riga an kai ta makwancinta, tsakar gida ta cika da mata har bakin rijiya. Na shiga gidajen makoki da dama a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Sai a yi kuka, a yi salati, can wata ta ce, "Kun tuna ranar da ta bi akuyar liman da akwashar saƙarta har ƙofar masallaci?" Sai dariya ta ɓarke, masu hawaye suna riƙe ciki. Da yawansu sun ɗaura tsofaffin majanyai a ƙugu, wasu sun koɗe, wasu sun sha faci, ga kuma matan da 'ya'yansu suka daɗe da yin gemu.

Baba, wato mahaifina, ƙaninta ne. Sau biyu yana aikowa daga zaure a ce wa mata su ji tsoron Allah, gidan rasuwa ne. A na uku da kansa ya leƙo, fuska a murtuke. Wata tsohuwa mai sayar da doya ta dube shi ta ce, "Malam, ai yayarka ce ta yi mana kashedi. Ta ce duk wadda ta zo mata da fuska kamar tuwon jiya, ta koma gida ta ɗumamo ta." Baba ya juya mana baya. Kafaɗunsa suna rawa. Har yau ban san ko dariya yake yi ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Na zauna rubuta wannan ne saboda Gwaggo ba ta bar ɗa ko jika na cikinta ba, kuma na san yadda ake manta irinsu. Shekara kaɗan sai a ce, "Wata mai saƙa ce da aka yi a unguwar nan." To, ba wata ba ce.

Gajeriya ce, baƙa, mai wushirya, haƙoranta jawur da goro. Mijinta fataucin goro yake yi kamar iyayensa da kakanninsa, ita kuwa takan ce ribar aurenta ke nan, ba ta taɓa cin daushe ba. Hausa take yi a gida, Dendi a kasuwa, ta ɗan taɓa Fillanci in ciniki ya yi zafi. Faransanci kuwa kalma uku ta mallaka: mersi, wato na gode, dusma, wato a hankali, da sa sufi, wato ya isa. Wannan ta ƙarshen ita ce sandarta. Da ita take korar kaji, da ita take raba faɗan yara, da ita take kashe rediyo in jawabin manya ya yi tsawo. A shekarun nan bayan samun 'yancin kai, lokacin ana ce wa ƙasar Dahomey, gwamnati takan canja kafin mutum ya gama haddace sunan shugaba. In aka ce mata an yi sabo sai ta ce, "Allah Ya ba shi zama. Ni na san zafin abin da bai zauna ba."

Ta san shi kuwa. Ciki shida ta yi, babu wanda ta ji kukansa.

A hannunta na tashi, tun daga yaye har na shiga lakwal, wato makarantar boko, don haka labarin daga bakinta na ji shi, ba sau ɗaya ba. Da ta sami na farko, murna ta hana ta zama. Ta kafa masaƙa a jikin bangon ɗakinta ta fara saƙa majanyin da za ta yi goyo da shi. Kaka, mahaifiyarsu, ta ce ba a yi, ba a yi wa wanda bai iso ba shimfiɗa. Ba ta ji ba. Tana tsakiyar saƙar, a wata na biyar, lokacin sabuwar doya, cikin ya zube.

Kwana uku tana kwance fuska ga bango. Kowa ya shigo abu ɗaya yake faɗa: a yi haƙuri, wani na tafe. Kaka ta ce a kwance masaƙar a fitar da ita kada ta riƙa gani. Mijinta ya zo zai kwance, sai ta ce masa daga kwancen, "Malam, in ka taɓa zaren nan, ni da kai ne." Ta tashi da jan gindi ta zauna gaban masaƙar. Ta ce hawaye yana hana ta ganin zare, amma hannu ya san hanya. Kwana tara ta yi ta gama shi, ta ninke ta sa a adaka. Ranar ta nemi tuwo da kanta.

"Kowa yana cewa ba a samu komai ba," in ji ta. "Ni kuwa na san an yi mutum. Sai na ce bari in bar abin da za a taɓa da hannu a ce ga nasa."

Haka ta yi wa sauran biyar. Kowanne da majanyinsa, kowanne da laƙabinsa, kowanne kuma da halinsa, don Gwaggo ta rantse ta san halin kowa. Mai Doya malalaci ne, ba ya motsi sai an ci abinci, shi ya sa nasa ke da faffaɗan ratsi. Ɗan Azumi mai haƙuri ne. 'Yar Marka ta sha rinin baba har ta yi baƙi-baƙi kamar hadari. Baƙo ya zo mijinta yana Gwanja, ya tafi kafin ya dawo, nasa fari ne fat da zare ɗaya ja a tsakiya. Mai Shuri shi ya fi daɗewa, wata bakwai, shi aka yi wa wanka aka binne. Ratsin nasa a karkace yake tafiya, nan ya yi dama nan ya yi hagu, masaƙan gari suka yi ta zuwa kallon yadda ta fitar da shi. Sai Auta, wanda ta zuba wa duk launin da ya rage mata a kwando.

Takan yi hirarsu kamar yadda mata ke hirar 'ya'yansu da ke ci-rani. "Da Mai Shuri ya zauna, da yanzu soja ne, da mun shiga uku." Baƙi sukan rasa inda za su sa idonsu. Mu da muka saba sai mu tambaye ta wa 'Yar Marka za ta aura, ta ce ai wannan mai tsada ce, sai ɗan birnin Kandi.

Faɗanta da Kaka kuwa a kan Mai Doya aka yi shi. Wata Bafillatana ce mai kawo nono daga rugar da ke hanyar Kolokondé ta shigo rannan ruwa ya yi mata duka, ga jariri a baya, tsumman da ta ɗaure shi da shi ya yage, tana tallafe da shi da hannu ɗaya, ƙwarya a ka. Gwaggo ta dube ta, ta shiga ɗaki, ta buɗe adaka. Ta ɗauko majanyin Mai Doya, da kanta ta ɗaura mata.

Labari ya kai wa Kaka kafin la'asar. Ta zo ko mayafi ba ta daidaita ba.

"Ke wace irin mutum ce? Kayan wanda bai zauna ba za ki ɗaura wa ɗan mutane? In wani abu ya same shi, da wane baki za ki yi magana?"

"Inna, auduga ce. Ni na gurje ta, ni na kaɗa ta. Ban ga mutuwa a ciki ba."

"Tun farko na ce kada ki saƙa, kika saƙa. Ga abin da ya biyo baya."

Wannan maganar ta shige ta. Ta ce, "Ashe ni na kashe su ke nan, Inna?" Kaka ta fita. Wata biyu uwa da 'ya ba su haɗa ido ba.

Ana cikin haka ƙyanda ta kama yaron Bafillatanar. Unguwa ta ɗauki raɗa. Gwaggo ta ce ba ta taɓa jin tsoro irin na ranakun nan ba, har ta yi niyyar in yaron ya tafi za ta cinna wa masaƙar wuta. Ta ɗaura zane ta kama hanyar ruga a ƙasa. Da ta isa, wa za ta tarar zaune a bakin bukka da ƙwaryar kunu? Kaka. Ta riga ta zuwa. Suka zauna tare suna fifita yaron, babu mai ce wa wata uffan, har kwana huɗu. A na biyar ya buɗe ido ya kama nono. Kaka ta ce, ba tare da ta dubi 'yarta ba, "Maganar da na yi miki, ba ni da gaskiya." Gwaggo ta ce, "Mersi." Suka yi dariya har Fulanin suka fito kallo.

Yaron nan shi ne direban da ya kawo mini saƙo. Duk sanda ya sauke kaya a Djougou sai ya zo gaishe ta, ita kuma ta zagaya shi tana tafa hannu: "Ku zo ku ga aikin majanyina! Wannan ai ba goyo aka yi ba, kiwo aka yi."

Daga nan abin ya juye. Waɗanda suka ce kayan mutuwa ne, su ne suka dawo suna cewa majanyin Gwaggo yana tsare yaro. Wannan ma bai yi mata daɗi ba. Wata ta zo tana raɗa mata a kunne a ba ta mai ƙarfin, Gwaggo ta ce da babbar murya, "Ni ba boka ba ce. In ɗanki ba shi da lafiya ga dispansar can a kai shi wurin likita, in goyo kike so ga auduga." Sauran biyar ɗin ta bayar da su ɗaya bayan ɗaya, ba ga masu roƙo ba, ga wadda ranta ya kwanta da ita. Sababbi kuwa ta saƙa ba iyaka.

Amma akwai waɗanda ba ta saƙa musu. In ta ji mace ta yi ɓari, takan bari a kwana bakwai, ranar da da suna za a yi, sai ta tafi da kunun kanwa da ƙullin auduga. Ba ta cewa a yi haƙuri. Tambaya take yi: wata nawa, yana motsi, me yake sa ki kwaɗayi. Sannan ta ce, "To, tashi. Ke za ki saƙa nasa." Ranar Alhamis tsakar gidanta kan cika da irin waɗannan mata, Hausawa, Dendawa, matan ƙabilar Yom daga ƙauye, har da matar wani malamin lakwal mai zuwa coci. Mai wucewa zai ɗauka biki ake yi.

Ni duk zamana a gidan ban koyi saƙa ba. Na ce ni 'yar boko ce, hannuna na alƙalami ne. Ba ta matsa mini ba.

Aka yi mini aure aka kai ni Parakou, unguwar Ganou, gidan wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Shekara ta zagayo na sami ciki, a wata na huɗu ya fita. A matarnite, asibitin haihuwa, suka wanke ni, ungozomar ta dafa kafaɗata ta ce da Faransanci ba komai, ina da ƙuruciya. A gida uwar mijina, wadda muke kira Iya, mace mai kirki amma mai kaifin harshe, ta ce, "Tashi ki yi wanka ki shiga mutane. Gudan jini ne, ba mutum ba. Kada ki sa a ce gidanmu an ga sabon abu." Na tashi, na yi wanka, na shiga mutane. Ina dafa abinci, ina gaisawa, amma ji nake kamar wata ce ke yi ina kallonta daga nesa. Mijina yakan tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, sannan ya tafi gar, tashar jirgin da yake aiki.

Rana ta bakwai da azahar muka ji hayaniya a waje. Gwaggo ce ake saukowa daga saman kamyo, daga kan buhunan doya, tana ce wa masu sauke ta, "Dusma, dusma, ba buhu ba ce!" Ta yi fari fat da ƙurar hanya, ga sandunan masaƙa a ɗaure a ka. Ita da ba ta taɓa wuce Kolokondé ba.

Bayan gaisuwa ta dube ni ta ce, "'Yar nan, me yake sa ki kwaɗayi?"

Babu wanda ya taɓa ce masa "shi". Na buɗe baki in amsa, sai kukan da na haɗiye kwana bakwai ya taho gaba ɗaya. Da kyar na ce, "Mangwaro ɗanye, Gwaggo. Da gishiri."

"Ɗan banza mai tsami," in ji ta. "Irin gidanku ne."

Ina kuka ina dariya, majina har haɓa.

Iya ta fito ta ga ana kafa sanduna a bangonta. Ta ce, "Baiwar Allah, mene ne wannan? Yarinya ta fara mantawa kin zo kina tono."

"Ba ta fara ba. Ke ce kika gaji da gani."

"A gidan nan ba a makokin jini."

"Ba makoki na kawo ba, aiki na kawo."

"Mu da muka haifi tara ba mu san zafi ba, sai ke da—"

"Sa sufi!" Gwaggo ta daka mata, irin wadda take yi wa kaji.  Na ce yau aurena ya mutu. Sai Gwaggo ta sassauta murya ta ce, "Ƙarasa, 'yar'uwa. Ni da ban haifa ba. Gaskiya ne. Ke tara kika haifa. Ciki nawa kika ɗauka?"

Iya ta tsaya kamar an dasa ta. Ta juya ta shige ɗaki ta saki labule.

Muka fara aiki. Kai, na sha faɗa! Zarena ya yi kauri nan, ya yi siriri can, akwasha tana faɗo mini a ƙafa. Gwaggo tana cewa, "Wannan hannun alƙalamin, ko alƙalamin ma tausayinsa nake ji." Kwana biyu Iya tana wuce mu ba ta kallo. A na uku ta tsaya a kaina ta ce, "Ba haka ake riƙe mazari ba, kawo." Ta zauna ta murza shi a cinya, zare ya fito sumul kamar na kanti. Tana kaɗi, idonta a kan hannunta, ta ce, "Goma sha ɗaya."

Ta sake murza mazarin, ta ci gaba.

"Biyu tsakanin babban da mai bi masa. Ko ubansu ban gaya wa na biyun ba. Ranar na daka dawa kwano huɗu."

Gwaggo ta ɓare goro ta miƙa mata rabi. "Me suke sa ki kwaɗayi?"

Iya ta yi dariya, hawaye yana bin kumatunta. "Ƙasar bango. Har rami na yi a ɗakin uwar mijina, aka ce ɓera ne."

Mako uku Gwaggo ta yi a Ganou. Kafin ta tafi ita da Iya sun zama abu ɗaya, tare suke zuwa kasuwa, tare suke yi da ni a gabana. Iya ta saƙa nata guda biyu, kyawawa. Nawa kuwa ya fito a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kore da rawaya kamar mangwaron da bai yanke shawara ba. Gwaggo ta ɗaga shi sama ta juya shi ta ce, "Mummuna ne, amma zai riƙe." Ya riƙe. 'Ya'ya biyar na goya da shi.

Ba zan rufe ba ban ambaci mijinta ba, Allah Ya jiƙansa, ya riga ta da shekaru. Mutum ne mai shiru, kamar an ba ta rabonsa na magana. Duk tafiyar da ya yi sai ya dawo mata da zare mai launin da babu a Djougou, a naɗe cikin ganyen goro. Bai taɓa cewa ga tsaraba ba, sai dai ya ajiye a bakin masaƙa ya wuce. Wata rana wani abokin fataucinsa ya ce masa a zaure, cikin tausayi, Allah bai ba shi haihuwa ba. Ya ce, "Ya ba ni shida. Suna wurin da ya fi nan." Gwaggo tana jin su ta bayan zana. Ta ce ranar ta zuba masa nama har ya tambaya ko Sallah ce.

Ganina da ita na ƙarshe, bayan an canja wa ƙasar suna ne, ita kuma ta ce ta tsufa da koyon sabon suna, duk wanda ke nemanta ya san gida. Yatsunta sun ƙage, ido ya yi rauni, masaƙar tana hannun matan Alhamis. Na same ta da safe tana shan rana a kan tabarma. Na zauna ina matsa mata ƙafa. Na ɗauka barci ya ɗauke ta, sai ta ce:

"'Yar nan, ke da kika yi karatu. Liman ya ce irin nawa suna can suna jiran uwarsu a bakin ƙofa, ba sa shiga sai da ita."

"Haka muke fata, Gwaggo."

"To ni abin da ke damuna, su shida ne, bayana ɗaya. Kuma na san Mai Shuri ba zai yarda a fara ɗaukar wani ba."

Na ce, "Sai Malam mijinki ya riƙe miki uku."

Ta ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta sami numfashi ta ce, "Wannan? Ko kaza bai iya riƙewa ba. Amma ya riga ni isa, ya yi shekara tara yana koyo." Ta gyara kwanciya, ta lumshe ido, murmushin bai bar bakinta ba. "Bari dai in je in gani. Na daɗe ina son in ga fuskokinsu."

Allah Ka sada ta da su. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka ba ta bayan da zai ɗauke su duka.